Guduma a Gidan Monper

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki guduma na fasa aikin hannuna a gaban shef ɗina da babban baƙo daga Yamai ba. Ku da kuka shigo aiki bayanmu kun sha jin labarin a bakin direbobi da masu gadi, kowa da abin da yake ƙara mashi. Wani ma ya ce wai aljanu ne suka buge ni ran nan. To ga yadda abin ya faru.

Lokacin ina teknisiyan a sarbis, wato ma'aikatar gwamnati, da ke kula da gine-gine a nan Dakoro. Ga wanda bai san tsarin ba, a sama akwai direktar, wanda muke ce ma shef, shi ke sa hannu. A ƙasanshi akwai teknisiyan, wato ni, mai hawa tsani da auna bango da rubuta abin da shef zai sa ma hannu. In gini ya yi kyau, shef ne ya yi ƙoƙari. In ya tsage, teknisiyan ne bai duba ba. Tsari ne mai sauƙi, kuma shekara ashirin da wani abu da na yi cikinshi ban taɓa ganin ya kuskure ba.

Wata Litinin cikin bazara, ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, shef Hamisu ya kira ni biro, wato ofis ɗinshi. Na tarar da shi riƙe da takarda yana murmushi. Ya ce an turo wani arshitek, masanin zanen gini, daga Yamai, zai zagaya ya rubuta tsofaffin gine-ginen da suka cancanci a adana, kuma a sashenmu an zaɓi tsohuwar majami'ar bayan gari da gidan limaminta.

Ya ce, "Haruna, gobe da safe ka shirya tsani da metir na awo. Ka sa riga mai kyau. Kuma in babban mutum na magana, kai dai ka riƙe tsani."

Na ce to, Shef. Amma tun da ya ambaci gidan na san akwai magana, kuma sai na gaya maku dalili.

Majami'ar tana bayan gari ne, ta wajen hanyar Kornaka. Ginin ƙasa ce, an yi ta tun zamanin da mota ke kwana a hanya tsakanin Maradi da Dakoro. Gefenta akwai gidan limaminta, wanda mutane ke ce ma monper, shi ya sa har yau ake kiran wurin gidan monper ko da yake monper na ƙarshe ya tafi tun da daɗewa. Gida ne mai ɗaki uku da babban salo, wato falo, da baranda mai ginshiƙai, rufin soro. Masu zuwa addu'a ran Lahadi ba su da yawa, yawancinsu malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da ma'aikatan likita da aka turo daga wasu jihohi, sai iyalai kaɗan 'yan gari. Mai kula da wurin wani dattijo ne, Baba Iliya. Shi ke buɗewa, shi ke sharewa, shi ke jan addu'a in ba limamin da ya zo daga Maradi, kuma a gidan monper yake zaune tun rasuwar matarshi.

Shekara goma sha biyu kafin wannan Litinin, wasu manyan baƙi za su wuce ta hanyar, aka ce duk ginin da ake hangowa daga titi a gyara mashi fuska. Majami'ar itatuwan bedi, wato darbejiya, sun rufe ta, ba a ganinta, don haka ta tsira. Gidan monper kuwa yana fili. Hamisu lokacin mataimakin direktar ne, shi ya ba da umurni a shafe bangon gidan da siminti a yi mashi farar ƙasa. Ni na tsaya a kan aikin. Na san ba a rufe bangon ƙasa da siminti, an koya mamu tun muna lakwal. Bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani. In ka rufe shi, ruwan da ya shiga ta sama ko ta tushe ba ya da hanyar fita, sai bangon ya ruɓe a ciki, gara ta samu gida mai sanyi, daga waje kuwa sumul kamar sabo. Na sani, na yi shiru, aka shafa. Baƙin suka wuce da gudu, ko gilashin mota ba su sauke ba. Ni kuma aka ba ni takardar yabo. Shekara goma sha biyu ina canza hanya don kada in bi ta gaban gidan.

Ran Talata da hantsi muka isa. Arshitek ɗin, Dokta Sanusi, mutum ne dogo mai malafa irin ta Turawa, da abin ɗaukar hoto a wuya da wata 'yar na'ura mai auna tsawon ɗaki da jan haske. Bahaushe ne kamar ni da ku, amma ya yi karatu a ƙasar waje, kuma da alama Hausarshi ta tsaya a filin jirgi ba a sallame ta ba. Yana jin komi, sai dai amsa ce ke fitowa da Faransanci.

Baba Iliya ya tarbe mu da gaisuwa, ya kawo ruwa a moɗa. Dokta ya ɗaga mashi hannu ya wuce. A kan dakalin majami'a akwai wani tsoho zaune da sanda, idanunshi sun yi fari, ya haura tamanin. Dokta ya dube shi ya tambaye ni ko mai bara ne. Na ce a'a, Sarkin magina Nomau ne. Musulmi ne, da carbinshi a hannu. Shi da mahaifinshi suka gina majami'ar da gidan, lokacin yana sabon aure. Duk shekara kafin damina yakan sa a kawo shi ya shafa bangon da hannu ya faɗi inda za a yaɓe, kuma ran nan abin da ya kawo shi ke nan. Dokta ya ce "Ah bon," ya shige ciki. Wanda ya taho tun daga Yamai neman tarihin gini ya wuce maginin a bakin ƙofa.

Cikin majami'ar akwai sanyi, ko a bazarar Dakoro. Bakan gizo huɗu ne suka riƙe rufin, kowane ya tashi daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwanshi a sama. Dokta ya tsaya tsakiya ya buɗe hannuwa, ya fara bayani shef na gyaɗa kai. Ya ce wannan lanƙwasa ba shakka daga majami'un kudancin Faransa aka ɗauko ta, wanda ya zana ginin ya san tarihin Turai ƙwarai.

Baba Iliya ya riƙo hannun Sarkin magina sun biyo mu. Ya ce, "Malam Haruna, mi yake cewa?"

Na fassara masu. Sarki ya ce, "Wane zane? Azara ce ba ta kai ba. Goriba aka saro a gulbi, raƙuma suka kawo, mafi tsawo ba ta wuce kamu shida. In ɗaki ya fi azara faɗi sai ka ɗaure baka. Haka baba ya yi ma masallacin garinmu, haka ya yi ma zauren hakimi."

Dokta ya ji sarai. Ya ce wannan labarin baka ne, sai an tabbatar da shi a takardu. Shef ya ce haka ne.

Muka matsa gabas, inda bangon ya shiga ciki ya yi ɗan lungu mai zagaye, wurin da teburin addu'a yake. Dokta ya kira shi da wani suna na Latin, ya ce tsohuwar al'adar Kirista ce ta fuskantar gabas, ya ɗauki hoto wajen goma. Da na fassara, tsofaffin biyu suka dubi juna suka fashe da dariya.

Baba Iliya ya ce, "Sarki, gaya mashi."

Sarki ya ce, "Monper ya ce ma baba, gina mani ɗakin salla, ya hau mota ya tahi Maradi. Baba ɗakin salla guda ya sani. Da monper ya komo ya iske mun yi mashi wurin tsayuwar liman. Ya daɗe yana dubawa, kana ya ce a bari, su ma gabas suke dubi."

Dokta ya rubuta wani abu. Na leƙa, sunan Latin ɗin ne ya ja ma layi.

Haka muka yi ta tafiya. Tagogin ƙanana ne kuma can sama suke. Dokta ya ce hikima ce ta addini, don haske ya sauko daga sama bisa masu addu'a. Sarki ya ce ruwan Dakoro da iska yake zuwa, kuma awakin unguwa ba su san ɗakin Allah ba. A waje akwai 'yar hasumiya gajera da ƙararrawa. Dokta ya sa na kafa tsani ya hau da kanshi neman tambarin masana'antar da ta ƙera ta a Turai. Ya daɗe yana goge ƙura da hankici. Ƙarfen ƙafar kamyo ne, irin babbar motar kayan nan, wanda ya lalace a hanyar Mai Yara, wani maƙeri ya huda shi aka rataye. Wannan kam ko takarda bai nema ba, ya sauko abinshi.

Sai muka zo bangon arewa. Akwai tsaga a wurin, daga ƙarƙashin taga har kusan ƙasa, yatsa na shiga. Fuskar Dokta ta canza, kamar mafarauci ya hango barewa. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya ce ginin na dab da faɗuwa.

Sarki ya laluba tsagar da hannu ya ce, "Wagga ai tsohuwa ta. Nan muka ɗaura ƙari shekarar da mutane suka yi yawa. Da rani ta buɗe, da damina ta rufe. Kwando biyu na ƙasa ne maganinta, jibi za a yaɓe."

Muka wuce gidan monper.

Nan Dokta ya saki fuska. Ya shafa farin bangon, ya ce ga abin da ake nufi da kulawa, wannan ne kaɗai ɓangaren da ya samu gyara irin na zamani. Ya shiga salon, ya auna da na'urarshi, ya ce zai ɗauki mutum arba'in in an matsu. Ya tambaya wa ya yi tunanin sa siminti.

Shef Hamisu ya gyara tsayuwa ya ce, "Dokta, ni ne. Ni na ba da umurnin da kaina. Har an so a hana ni, na dage."

Ban san wanda ya so hana shi ba, ni dai ban ji kowa ba, har da ni.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, duk fitar da aka yi sai an rubuta pebe, wato takardar shaidar abin da aka gani da abin da aka yanke, kuma sai mutum uku sun sa hannu: baƙo, da shef, da teknisiyan da ya san wurin. Dokta ya rubuta a kan bonet ɗin mota. Abu biyu ya yanke. Na farko, a rufe majami'a daga ranar har sai an samu hanyar gyara ta, wanda duk mai aikin gwamnati ya san ma'anarshi. Na biyu, a maida addu'ar Lahadi salon gidan monper duk tsawon damina. Ya sa hannu, shef ya sa, aka miƙo mani alƙalami.

Baba Iliya ya matso ya ce in gaya mashi abin da aka rubuta. Na gaya mashi. Ya ce, "To. Ku ne masu ilimi. Amma Malam Haruna, in gari ya yi tsit da rana ina jin ƙasa na zuba cikin bangon ga, kamar ana tankaɗe. Na ɗauka kunnena ne na tsufa."

Sarki ya ce a kai shi jikin bangon. Ya ƙwanƙwasa da sanda sau biyu, ya kara kunne. Ya ce, "Iliya, wanga bango ya mutu. Likkafani ne kawai aka sa mashi."

Shef ya ce, "Haruna, sa hannu mu tafi, rana na yi."

Baba Iliya bai dubi shef ba, ni ya duba. Ya ce, "Kai ka tsaya bisa aikin ga, ɗana, na tuna. Ran Lahadi mata da ƙananan ɗiya jikin bango suke zama. In ka ce lahiya lau ne, mun shiga. Maganarka ta ishe ni."

Ina so in ce maku nan take na yi jarumta, amma ƙarya ne. Na sa bakin alƙalamin a kan takardar. Na tuna saura shekara biyu a ƙara mani girma. Na tuna cewa Dokta ya sa hannu, shef ya sa, in wani abu ya faru mu uku ne, kuma in mutum uku suka sa hannu a gwamnati to ba wanda ya sa. Har na fara jan harafin farko. Abin da ya hana ni ƙarasawa shi ne tsohon bai yi mani gardama ba. Da ya zage ni da na sa hannu na tafi. Amma yana tsaye yana jira in ce lafiya, ya je ya shimfiɗa ma mutane tabarma.

Na ajiye alƙalamin. Na buɗe bayan mota na ɗauko guduma cikin akwatin direba.

Shef ya ce, "Haruna, mi za ka yi?"

Na ce, "Zan auna, Shef."

Na zaɓi bangon gabas na salon, ƙarƙashin indararo, inda na san ruwa ya fi dukan shi. Bugun farko bangon ya amsa kamar ganga. Shef ya daka mani tsawa ya ce in ajiye, dukiyar tarihi ce. Bugu na biyu simintin ya tsage. A na uku wani falle mai faɗin faifai ya ɓalle ya faɗi, sai ƙasa ta biyo shi. Ba tubali ba, gari, baƙi-baƙi mai ɗanshi da wari, yana kwarara kamar an kwance bakin buhu, gara fari fat tana yawo ciki. Ya zubo har ya rufe takalman Dokta, masu kyau ne kuwa. Na tura hannuna cikin ramin, ya shige har kafaɗa ban taɓa abu mai tauri ba. Na hau tsani na fasa sama, inda kan azara ya zauna bisa bango. Na kama kan azarar na murza, ya marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Rufin soro mai ɗauke da ƙasa kamu guda, ba abin da ke riƙe da shi sai ɓawon siminti mai kaurin yatsa biyu.

Sarki, da ba ya gani, ya ce, "Ta zubo ko?" Baba Iliya ya ce, "Ta zubo." Sarki ya ce, "To."

Dokta ya ja da baya yana kakkaɓe ƙafa, kuma a karo na farko ran nan Hausarshi ta dawo. Ya ce, "Innalillahi! Wane jahili ne ya sa siminti a bangon ƙasa?"

Shef Hamisu ya juyo gare ni, fuska a murtuke, ya ce, "Haruna, wa ya tsaya a kan aikin nan?"

Minti ashirin bai cika ba da ya ce shi ya dage. Na ce, "Ni ne, Shef."

Ya ce, "To ka ji, Dokta."

Aka yage peben farko aka rubuta sabo. Gidan monper aka rufe, majami'a kuma aka bar ta buɗe, wai na wucin gadi kuma bisa sa ido. Kafin azahar ni da direba da wasu matasan majami'a muka kwashe kayan Baba Iliya, gado da akwati da tukwane da hoton matarshi, muka maida shi ɗan ɗakin da ke bayan majami'a inda ake ajiye kujeru. Ɗakin ko rabin nashi bai kai ba. Na ba shi haƙuri, na ce ni na jawo mashi. Ya ce, "Shekara nawa ina kwana ƙarƙashin abin ga ban sani ba. Yau na sani. Mi zan ce maka in ba na gode ba?" Wannan godiyar ta fi tsawar shef zafi.

Washegari na tarar da takardar neman bahasi a teburina. Ga wanda bai sani ba, takarda ce da shef ke ba na ƙasa da shi ya bayyana cikin kwana biyu dalilin da ya sa ya yi laifi. Tambaya biyu ce a ciki: don mi na shafa siminti ba tare da bincike ba, kuma don mi na lalata bangon gini mai tarihi a gaban baƙo. Wato laifin sa simintin nawa ne, laifin cire shi ma nawa ne. Na nemi takardar umurnin da aka ba ni shekara goma sha biyu baya, sai na tuna da baki aka ba ni. Na amsa laifina, aka sa gargaɗi cikin dosiyena, wato takarduna na aiki, ƙarin girman ya ƙara shekara uku a hanya.

Bayan wata biyu rapor, wato rahoton Dokta, ya iso daga Yamai, mai takarda mai sheƙi da hotuna masu launi. Na karanta shi tsaf. A ciki an ce ta hanyar binciken ƙwanƙwasa bango da tawagar ƙwararru ta gudanar an gano ɓoyayyar lalacewa a gidan limami, sakamakon gyaran da bai dace ba da ma'aikatan wurin suka yi. Akwai hoton ramin, da hannuna a ciki, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Shi ke nan rabona a tarihi. Bakan gizon yana nan daga kudancin Faransa, lungun gabas yana nan da sunan Latin. A shafi na ƙarshe akwai hoton Sarkin magina zaune a dakali, an rubuta a ƙasa: wani mazaunin unguwa. Shef Hamisu kuwa an gode mashi da suna saboda haɗin kai, kuma shekara ba ta zagayo ba aka ɗaga shi zuwa Maradi.

Bangon ya faɗi a ruwa na uku na daminar. Masu ba da labari suna cewa ran Lahadi ne ana tsakiyar addu'a, don ya fi daɗin ji. Ba haka ba ne, Alhamis ce da la'asar. Aka aiko mani, na je cikin ruwa. Bangon gabas ya kwanta, rufin salon da na ɗakin kwana sun rufta ciki, ƙasa ta cika wurin har rabin ƙofa. Baba Iliya yana tsaye a ƙofar majami'a da buhu a ka. Ya nuna mani wani wuri cikin tarin ƙasar ya ce, "Nan gadona yake." Muka zagaya bangon arewa na majami'a, wanda aka ce yana dab da faɗuwa. An yaɓe tsagar da kwando biyu na ƙasa kamar yadda Sarki ya ce, ko ɗigo bai shiga ba.

Rapor ya yi alkawarin gyara, amma har na ajiye aiki ban gan shi ba. Bayan kaka 'ya'yan Sarki, magina ne su ma, suka haɗu da mutanen majami'a aka yi gayya don a sake ɗaga gidan. Aka ɗebo ƙasa a tabki, aka kwaɓa da ciyawa, aka buga tubali. Ni ma ina zuwa ran Asabar, ba da sunan sarbis ba, in ɗauki kwando. Ana ajiye ma Sarki kujera a inuwa, duk layin da aka ɗora sai an kai shi ya shafa. In bai yi mashi ba ya ce a rushe, kuma a rushe ɗin. In azahar ta yi Baba Iliya ne ke kawo mashi buta ya juya shi gabas.

Wata Asabar ya ji muryata ya ce, "Wane ne nan, mai guduma?"

Na ce ni ne, Baba.

Ya ce, "Zo nan. Ka iya shafawa, ka iya fasawa. Gini fa?"

Na ce ban taɓa ɗora tubali ba. Gaskiya ce, shekara ashirin da wani abu ina sa hannu a kan gine-gine. Ya kama hannuna ya ɗora a kan laka, ya nuna mani yadda ake zaunar da tubali a cika tsakani. Layi ɗaya na yi. Ya shafa, ya ce a karkace yake amma a bari, yana bayan ƙofa ba mai gani. Sarki ya rasu shekara biyu bayan haka. Baba Iliya ya raka gawar har maƙabarta, ya tsaya gefe har aka gama.

Abin da nake so ku ɗauka a nan ba shi da yawa. In shef ya ba ku umurni, ku ce a rubuta, don umurnin baka ba ya wuce minti ashirin in bango ya zubo. In kun je duba tsohon gini, kafin ku buɗe metir ku gaida wanda ke zaune a bakin ƙofa, ku tambaye shi ko ya san wanda ya gina. Kuma kada ku ɗauka ina ba ku labarin nan don ku ce Malam Haruna jarumi ne. Shekara goma sha biyu wani dattijo yana kwana ƙarƙashin rufin da na san halin da yake ciki, ni kuma ina canza hanya. Ba wayona ne ya hana rufin faɗo mashi ba, Allah ne ya jinkirta. Duk ranar da aka miƙo maku alƙalami, ku tuna akwai wanda ba ya iya karanta abin da kuke sa ma hannu, kuma shi ne zai kwana a ɗakin.